Yadda Za Ka Sake Tsara Ma'aikatanka Bayan Annoba, Mataki-Mataki

Tun da aka janye dokar kulle ta korona, tambayoyin da masu ƙananan masana'antu da gidajen burodi da makarantun kuɗi suke aiko min kusan iri ɗaya ne. Wani ya ce yaransa sun dawo bakin aiki amma ƙwazon da ya san su da shi ya tafi. Wani ya ce gwanin da ya dogara da shi ya kama sana'ar POS ya ƙi komowa. Wata mai makaranta kuma so take ta san ko wajibi ne ta biya malamai albashin watannin da aka rufe makarantu, alhali iyayen yara ba su ba ta ko sisi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a ranar 5 ga Mayun 2023 cewa korona ta fita daga matakin gaggawa, amma saɓanin da ta haddasa tsakanin maigida da ma'aikatansa bai tafi tare da ita ba. Ga kuma mashaƙo da kwalara da zazzaɓin Lassa suna ta zagayowa.

Wannan jagora ta mai ma'aikata 3 zuwa 50 ce. Ka bi matakan yadda na jera su. Mafi yawan masu gida daga kafa sabbin dokoki suke farawa, kuma nan ne ake yin ɓarna, domin mutumin da yake binka kuɗi ba ya jin dokarka.

Abin da za ka tanada: littafi mai ƙwaƙƙwaran bango ko kwamfuta, takardar bayanin asusunka na banki tun daga watan da aka fara kulle, lambobin wayar duk wanda ya taɓa yi maka aiki, da dattijo ɗaya da kai da ma'aikatan kuka amince da shi, wanda zai zama shaida.

1. Yi ƙidaya

Ware wa kowane mutum shafi guda, har da waɗanda suka tafi. Rubuta sunansa, ranar da ya kama aiki, albashinsa kafin annoba, abin da ya karɓa a kowane wata na kulle, da halin da yake ciki yanzu: yana nan, yana jiran kira, ya kama wani aiki, ko ya rasu. Wanda ya rasu ka rubuta sunan magajinsa, domin haƙƙinsa bai bi shi kabari ba.

Gargaɗi: kada ka cike shafin da ka. Duba banki da rasit. Maigida yakan tuna ranar da ya raba shinkafa, ya manta watan da bai biya ba.

2. Biya bashi kafin ka kafa doka

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, don haka zan daɗe a kansa. Kuɗin da ake binka ba iri ɗaya ba ne, kasa su huɗu.

Na farko, aikin da aka yi ba a biya ba. Babu ciniki a nan. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yarda tazarar biyan albashi ta wuce wata guda ba.

Na biyu, ragowar albashin da ka ce za ka cika idan al'amura suka daidaita. Ko da baki ka faɗa, alkawari ne, kuma ma'aikacin ya riƙe adadin a kansa har da canji.

Na uku, watannin da aka zauna a gida ba tare da an yi wata magana ba. Sashe na 17 na dokar ya ɗora wa mai aiki nauyin samar da aiki ko biyan lada, sai dai idan wani lamari na gaggawa da ya fi ƙarfinsa ya faru, kuma sassaucin na mako ɗaya ne, in ba jami'in ƙwadago ne ya tsawaita shi ba. Ke nan cewa "gwamnati ce ta rufe mu" bai isa ya wanke ka gaba ɗaya ba. A nan ne sulhu yake da amfani. Buɗe musu littafin shiga da fita su gani da idonsu, ku tsayar da wani kaso, a rubuta, kowa ya sa hannu a gaban shaida. Amsar mai makarantar nan ke nan: ba lallai ta iya biyan duka ba, amma ba ita kaɗai za ta yanke nawa za a yafe ba.

Na huɗu, kuma mafi haɗari, kuɗin ma'aikata da ka taɓa: fanshon da ka cire daga albashi ba ka tura ba, ko kuɗin adashi da na ƙungiyar taimakon kai da kai da aka ba ka ajiya. Wannan amana ce, da shi za ka fara. Dokar fansho ta 2014 ta ba ka kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi ka tura kuɗin, tarar jinkiri kuwa ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da ba a tura ba a kowane wata. Kullum ƙaruwa take.

Idan ba ka da hali a dunƙule, tsara biya. A ce wani yana binka naira 120,000: ka rubuta za ka ba shi 20,000 duk wata har wata 6. Tura shi daban da albashi, a ranar da kuka tsayar, ya ga saƙon banki guda biyu a wayarsa. Saƙon nan na biyu ya fi duk wani jawabin ƙarfafa gwiwa da za ka yi.

Gargaɗi: kada ka biya bashi da sunan kyauta ko goron sallah, kuma kada ka ba da buhun masara ka cire shi daga bashin ba tare da yardar mutum ba. Albashi da kuɗi ake biyansa.

Sai ka juyo ga abin da kai kake binsu. Wanda ka ranta wa kuɗi daga albashinsa, doka ta ce ka ba shi aƙalla wata 3 ya biya, ba ruwa, kuma jimillar abin da za ka cire masa a wata kada ta haura kashi ɗaya bisa uku na albashinsa.

3. Zauna da kowa shi kaɗai

Taron gayya ba ya fito da gaskiya. Manya za su yi magana, yara su sunkuyar da kai, kowa ya ce "ba komai, Alhaji", a watse. Kira su ɗaya bayan ɗaya, minti 20 ya isa, wayarka a aljihu.

Fara da gaisuwa da ta'aziyya. A Kano, ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken gwamnati ya gano mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni a guguwar mace-macen Afrilun 2020, kuma ana alaƙanta kashi 50 zuwa 60 cikin 100 da korona. Dattawa ne akasari. Yaron da a da bakinsa kaɗai yake ciyarwa, ƙila yanzu shi ke riƙe da mahaifiya da ƙanne. In ba ka san wannan ba, za ka ɗauki makararsa da yawan neman rance a matsayin lalaci.

Bayan gaisuwa, ka yi masa tambayoyi uku. Kana iya cewa: "Malam, lokacin da muka rufe, da me ka riƙe gida? Sana'ar tana nan har yanzu? Me kake gani ya kamata mu gyara a nan?" Ka rubuta amsar a gabansa. In mace ce, musamman matar aure, a zauna ƙofa a buɗe ko tare da wata babbar ma'aikaciya, a kuma tambaye ta wa ke kula mata da yara.

Game da sana'ar gefe, ra'ayina shi ne kada ka hana. Wanda ya ga an rufe wurin aikinsa wata da watanni ba zai sake rataya cikinsa a kan albashi ɗaya ba, kuma yana da gaskiya. Tuƙin adaidaita sahu da yamma ko sayar da kaya ta WhatsApp ba laifi ba ne. Sharaɗi uku za ka sa: ba a lokacin aikinka ba, ba da kayanka ba, ba kuma da abokan cinikinka ba.

Gargaɗi: kada ka yi alkawarin ƙarin albashi a wannan zama don daɗin baki. Jira ka gama mataki na 6.

4. Wa zai dawo, wa za a sallama

Jera ayyukan da kasuwarka take buƙata a yau, sannan ka dubi mutanen. Idan ka fara da mutane, kunya da zumunci za su yanke maka hukunci.

In rage ma'aikata ya zama dole, sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce ka sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, ka bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana, ka kuma yi iya ƙoƙarinka a daidaita kan kuɗin sallama. Wa'adin sanarwa a sashe na 11 ya danganta da daɗewa: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 daga nan zuwa shekara 2, mako 2 ga mai shekara 2 zuwa 5, wata 1 ga mai shekara 5 ko fiye. Kana iya biyan kuɗin wa'adin a maimakon jira. Ka lura, dokar ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru abin da ke cikin takardar yarjejeniyarsu ake bi.

Ba wanda ka sallama takarda mai kwanan wata. Zai buƙace ta, domin wanda ya yi wata 4 bai sami wani aiki ba yana da damar cire kashi 25 cikin 100 na kuɗin asusun fanshonsa, kuma sai da shaidar barin aiki.

Gargaɗi: "je ka, za mu neme ka" ba sallama ba ce. Mutum zai yi ta jira, ya ƙi kama wani abu, daga baya zancen ya kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano da Kaduna. Ka faɗa masa gaskiya baki da baki, ba ta saƙon waya ba. Sauran ma'aikata suna kallon yadda ka rabu da shi, a nan suke karanta makomarsu.

5. Rubuta yarjejeniya

Doka ta ba ka wata 3 daga ranar da mutum ya kama aiki ka ba shi takarda mai ɗauke da sunanka da nasa, irin aikin, albashi da ranar biya, lokutan aiki, hutu, tsarin rashin lafiya, da wa'adin sanarwa. Shafi biyu sun wadatar. Kai wa lauya samfuri ɗaya ya duba, sai ka yi ta bugawa. Yi ta da Hausa ga wanda ba ya karanta Turanci, a karanta masa da babbar murya kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, ya tafi da kwafinsa.

Ƙara sakin layi ɗaya da tsofaffin takardu ba su da shi: abin da zai faru idan hukuma ta sake rufe wurin. Misali, cikakken albashi a makonni 2 na farko, rabi har zuwa wata 2, daga nan a sake zama. Adadin ku za ku tsayar. Abin da ake so shi ne a yi maganar tun cikin kowa a ƙoshe yake.

Rubutu yana da wani amfanin. Lokacin da gwamnatin tarayya ta fito da tallafin biyan albashi ga ƙananan kamfanoni a 2020, rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da lambar BVN ta ma'aikata aka nema, kuma asusun ma'aikacin kai tsaye aka riƙa tura kuɗin. Wanda yake biya hannu da hannu, ba rajista ba jerin suna, kallo ya yi.

6. Lissafa abin da ma'aikaci ɗaya yake ci maka

Albashi ba shi ne duka ba. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a Yulin 2024. Dokar mafi ƙarancin albashin ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, haka masu aikin jinga da na kamasho, amma ma'aikatanka sun ji adadin a rediyo kuma da shi suke auna ka.

Ɗauki mai 70,000. Fansho: kai kashi 10 cikin 100, wato 7,000, shi kuma a cire masa kashi 8, wato 5,600. Wajibi ne ga mai ma'aikata 15 ko fiye, kuma ƙofa a buɗe take ga waɗanda ba su kai ba. Asusun diyyar haɗari a wurin aiki na hukumar NSITF: kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, wato 700. Ka ga mutum ɗaya ya kai 77,700, mutum 10 kuma 777,000 a wata, kafin a zo ga inshorar rai da ta lafiya. In cinikinka ba zai ɗauki wannan ba, koma mataki na 4 tun kafin ka tara sabon bashi.

Kuɗin mota ka ware shi a layinsa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ke tasowa daga Rijiyar Zaki zuwa Bompai ko daga Rigasa zuwa Kakuri yana zubar da babban kaso na albashinsa a hanya. Alawus ɗin mota da ake dubawa duk wata 6 ya fi sauƙin ɗagawa a kan albashin gaba ɗaya.

7. Dokar rashin lafiya

Idan darasi ɗaya za a ɗauka daga korona, wannan ne. Ma'aikacin da ya san za a yanke masa kuɗin yini zai haɗiyi farasitamol, ya ɗaure fuska, ya shigo. A gidan burodi, mutum shida suna murza ƙulli kafaɗa da kafaɗa a ɗaki mai taga ɗaya, kofi ɗaya a bakin randa. Kafin mako ya zagayo rabinsu sun kwanta, kai kuma da kake tsimin ladan yini guda ka rasa aikin mako.

Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci kwanakin aiki 12 a shekara da albashi idan likita ya tabbatar ba shi da lafiya. Ga mai 70,000 da ke aiki kwana 26 a wata, yini yana kamawa kusan 2,700, kwana 12 kuma wajen 32,000. Sa wannan a kasafinka tun farkon shekara. Masu aikin yini da na jinga su ne suka fi ɓoye ciwo, don haka nake ba da shawarar a yanka musu ko da rabin ladan yini ne.

Rubuta alamomin da ke hana shigowa ka manna a ƙofa: zazzaɓi mai zafi, tari da sarƙewar numfashi, ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, amai da gudawa. Mai ɗaya daga ciki ya kira kafin lokacin fara aiki, ya nufi asibiti. Masu taɓa abinci da ruwan leda ba a yi musu sassauci ko kaɗan a kan gudawa. In mutum biyu ko uku suka kwanta da alama iri ɗaya a 'yan kwanaki, sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma ko ka kira layin kyauta na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, 6232.

Gargaɗi na farko: kada ka nemi takardar likita a kan ciwon yini ɗaya. Kuɗin mota da na kati za su cinye ladan yinin, sai mutum ya gwammace ya zo da ciwonsa. Nemi takarda daga kwana na 3. Gargaɗi na biyu: ciwon mutum sirrinsa ne. Kada a yaɗa shi a zauren WhatsApp, kada kuma a guji wanda ya warke.

Bokiti mai famfo da sabulu da aka jibge a sito bayan kulle, a fito da su. A buɗe tagogi, kowa ya sami kofinsa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta mayar da inshora wajibi, don haka ka je hukumar inshorar lafiya ta jiharka, KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna, ka tambayi tsarin da ya dace da yawan mutanenka.

8. Lokutan aiki da aiki daga gida

Gwamnatin Kaduna ta fara komawa aikin kwana 4 a mako a Disambar 2021, tana kafa hujja da abin da aka koya a lokacin korona. Ba kowace sana'a ce za ta iya haka ba. Mai gashin burodi da maigadi dole su zo. Akanta, mai amsa saƙon abokan ciniki da mai zanen talla suna iya yin kwana 1 ko 2 a gida, su huta da kuɗin mota.

In za ka gwada, gwada na wata guda. Kai za ka sayi data, ka kuma tambayi yadda zai yi caji idan babu wuta. Ku tsayar da abin da zai miƙo da ranar miƙawa, da shi za ka auna shi, ba da yawan kiran "kana ina?" ba. Saƙon aiki ya tsaya daga sallar isha'i. Doka ta tanadi hutun yini ɗaya a mako, hutun awa ɗaya ga mai aikin awa 6 ko fiye, da aƙalla kwanakin aiki 6 na hutun shekara. Mai juna biyu tana da mako 6 kafin haihuwa da 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata 6 tana aiki.

Gargaɗi: waɗanda dole su zo kullum za su ji an fifita 'yan ofis. Ba su wani abu a madadi, ko zaɓin duti ko ƙarin kuɗin mota.

9. Kowane aiki ya sami mutum biyu

Jera ayyukan da mutum ɗaya tak ya iya: gyaran inji, haɗin ƙulli, biyan albashi, lambobin masu kawo kaya. Haɗa wa kowane gwani mataimaki, su yi awa 2 tare duk mako. Gwani zai ji tsoron ana shirin maye gurbinsa, don haka ka ba shi ɗan alawus na koyarwa, ka kuma faɗa masa dalili ƙarara. Lambobin sirri na asusu da na kwamfuta kada su zauna a kan mutum ɗaya.

10. Asusun ko-ta-kwana

Buɗe asusu daban, wanda ba ka yawo da katinsa. Duk ranar biyan albashi ka zuba masa kashi 5 cikin 100 na jimillar albashin. A haka, wata 20 za su tara maka albashin wata guda, burin kuma shi ne na wata 2. In bashin mataki na 2 bai ƙare ba, fara da kashi 2 har ka gama shi.

A shafin ƙarshe na littafin ƙidayarka, rubuta wanda zai riƙe wurin idan kai ka kwanta, wanda zai kira ma'aikata, ayyukan da za su ci gaba idan an rufe, da lambar asusun bankin kowa domin a iya biya ba tare da an haɗu ba. Karanta wa ma'aikata shafin, ka ba shaidan nan kwafi, ku kuma sake duba shi duk shekara kafin faɗuwar damina, lokacin da kwalara ta fi tashi.